Kujerar da Ke Jiran Ɗalibi: Tarihin Tallafin Karatu da Horon Aiki a Fannin Lafiyar Al'umma

Likitan da ke duba marasa lafiya a asibiti yana da hanyar mayar da kuɗin da aka kashe wajen karatunsa, domin mai ciwo zai zo da ƙafarsa ya biya, in ya warke kuma ya yi godiya. Ma'aikacin lafiyar al'umma ba shi da wannan gata. Aikinsa shi ne hana annoba aukuwa, kuma mutumin da aka tsare daga kwalara bai san an tsare shi ba, balle ya biya. Uba zai iya sayar da gona don ɗansa ya zama likitan tiyata, amma da wuya ya sayar da ita don ɗan ya ƙare yana ƙirga mace-mace da leƙa rijiyoyi. Saboda haka, tun da aka fara koyar da wannan fanni a matsayin ilimi mai zaman kansa, sama da shekara ɗari ke nan, ba a taɓa rabuwa da tambayar wanda zai ɗauki nauyin ɗalibin ba. Wannan maƙala ta bi sawun amsoshin da aka bayar, kuma abin da tarihin ya nuna mini shi ne, biyan kuɗin makaranta shi ne ɓangare mafi sauƙi. Tallafin da ya yi albarka shi ne wanda aka tanadar wa mai cinsa aikin da zai koma ya riƙe a gida.

Labarin ya faro ne daga kudancin Amurka. A 1909 attajirin man fetur John D. Rockefeller ya ba da dala miliyan ɗaya don yaƙi da tsutsar ciki mai shan jini, wadda ta addabi talakawan karkara masu yawo ba takalmi. Wanda aka ɗora a kan aikin, Wickliffe Rose, ba likita ba ne. Malamin falsafa ne. Cikin 'yan shekaru ya gano cewa magani da kuɗi suna nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za a damƙa wa aikin. Jami'an lafiya na gundumomi galibi likitoci ne da ke riƙe da muƙamin a matsayin aikin gefe, wasu ma siyasa ce ta ba su. Lokacin da aka kafa Gidauniyar Rockefeller a 1913, aka kuma ba Rose ragamar sashenta na lafiya a ƙasashen duniya, sai matsalar ta ƙara girma, domin yanzu ana maganar Birazil da Silon da tsibiran Karibiyan.

A watan Oktoba na 1914 aka yi wani taro a New York don tattauna yadda za a horar da irin waɗannan ma'aikata, daga nan kuma aka samu rahoton 1915 da ake kira da sunan Welch da Rose. Sunayen biyu suna tare a bangon rahoton, amma ra'ayinsu bai zo ɗaya ba. William Welch, shahararren malamin likitanci na Jami'ar Johns Hopkins, cibiyar bincike yake so irin ta Jamus, mai ɗakunan gwaje-gwaje da manyan masana. Rose kuwa ya fi karkata ga horo na aikin hannu, inda babbar makaranta guda za ta zama uwa ga ƙananan makarantu a jihohi, masu yaye jami'an gunduma da ma'aikatan jinya da masu duba tsafta. Ra'ayin Welch ne ya yi rinjaye. A 1916 aka zaɓi Johns Hopkins da ke Baltimore, makarantar ta buɗe ƙofarta a watan Oktoba na 1918, daidai lokacin da murar nan da ta kashe miliyoyin mutane take tsakiyar cin duniya. Harvard ta biyo baya a 1922, kuma dala miliyan biyu na gidauniyar ne suka gina makarantar tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, wadda aka buɗe gininta a 1929. Wannan saɓani na Welch da Rose, tsakanin aji da fili, bai mutu ba. Za mu sake cin karo da shi.

Gina makaranta abu ɗaya ne, cika ta da ɗalibai kuma wani abu ne. A nan ne tallafin karatu ya shigo, daga 1917. Tsarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya bambanta ƙwarai da abin da mu masu digirin farko muka saba gani yau, inda mutum zai cike takarda a intanet ya zauna jiran sa'a. A wancan lokaci ɗalibi ba ya neman tallafin kai tsaye. Jami'in gidauniyar da ke aiki a ƙasar ne yake sa ido, ya ga matashin likita ko injiniyan ruwa ko ma'aikaciyar jinya mai hazaƙa, ya ba da sunansa. Kafin a amince, sai gwamnati ko jami'ar da yake wa aiki ta ɗauki alkawarin cewa akwai muƙamin da zai riƙe idan ya dawo, shi ma ya yi alkawarin dawowa. Sa'an nan gidauniyar ta biya kuɗin jirgi da na makaranta da alawus na wata-wata, galibi na shekara guda. Bayan karatun aji akan zagaya da shi ofisoshin lafiya na jihohi da gundumomi ya ga yadda ake aiki. Ko bayan ya koma gida ba a sake shi ba: a ofishin New York akwai kati mai sunansa, ana rubuta duk muƙamin da ya hau shekara da shekaru. Zuwa 1951, lokacin da aka rufe wannan sashe, kimanin mutum 2,500 ne suka bi ta wannan hanya.

Amfanin wannan yarjejeniya mai ƙafa uku, wato mai ba da kuɗi da gwamnati da ɗalibi, ya fito fili a rayuwar wasu daga cikinsu. Geraldo de Paula Souza na Birazil yana cikin rukunin farko da suka shiga Johns Hopkins a 1918. Ya koma ya shugabanci cibiyar tsafta ta São Paulo da hukumar lafiya ta jihar. A taron San Francisco na 1945, inda aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, shi da Szeming Sze na ƙasar Sin ne suka gabatar da shawarar a kafa wata hukuma ta duniya don lafiya. Ɗan ƙasarsa Marcolino Candau, wanda shi ma ya yi karatu a Baltimore, ya shugabanci Hukumar Lafiya ta Duniya tsawon shekara ashirin, daga 1953 zuwa 1973. Amma wanda ya fi burge ni shi ne Chen Zhiqian na Sin. Bayan karatunsa a Harvard bai zauna a birni ba. Daga 1932 ya tare a gundumar Dingxian ta karkara, ya tsara wani tsari mai hawa uku: ɗan ƙauye da aka ba gajeren horo da akwatin magunguna, yana yin lambar agana yana rubuta haihuwa da mutuwa. Sama da shi ƙaramar tashar lafiya. Sama da ita cibiyar gunduma. Duk wanda ya san asibitin sha-ka-tafi da ma'aikatan lafiya na unguwa a ƙasarmu zai ga kamannin. Masana tarihi da dama suna ganin aikin Dingxian a matsayin kakan tsarin likitocin ƙauye na Sin, wanda shi kuma ya yi tasiri a taron Alma-Ata na 1978 kan kiwon lafiya a matakin farko.

Ba za a yi wa tarihin adalci ba idan aka tsaya a yabo. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen taken da za a kaɗa. Ɗaliban sun koma gida da fahimtar Amurka ta lafiyar al'umma: a zaɓi cuta guda mai sananniyar ƙwaya, a far mata da dabara ta kimiyya, a ƙirga nasara. Batun talauci da albashin leburori da mallakar ƙasa, waɗanda su ne tushen rabin cututtukan, ba su samu wuri sosai a manhajar ba. Sharaɗin jin Turanci ya tace 'ya'yan talakawa tun kafin a fara. Kuma da yake gwamnati ce take ba da tabbacin muƙami, ƙasar da ba ta da gwamnatin kanta ba ta da bakin magana.

Nan ne labarin ya taɓa mu. A 1925 gidauniyar ta kafa tashar binciken cutar shawara a Yaba, Legas. An yi aiki mai hatsari a wurin: Adrian Stokes ya mutu da cutar a Legas a 1927, Hideyo Noguchi ya bi shi a Akra a 1928. Daga jinin wani mutumin ƙasar da ake kira Gana a yau, mai suna Asibi, aka samo ƙwayar da Max Theiler ya raunana ta zama allurar rigakafin da ake yi har gobe. To amma Afirka ta Yamma ta ba da jini da fili ne, ba ta samu rabon guraben karatun da Birazil ko Yugoslabiya suka samu ba. Manyan muƙaman lafiya na mulkin mallaka galibi na Turawa ne, don haka da wuya a samu kujerar da za a yi alkawarin ba baƙar fata. Abin da aka tanadar wa 'yan ƙasa shi ne horo na ƙasa-ƙasa: makarantar Yaba ta 1930 mai yaye mataimakan likitoci, da makarantar tsafta ta Kano ta 1932 mai yaye duba-gari. Kakanninmu sun san duba-gari da leƙa randa da cin tara, kuma duk da tsoron da ake yi musu sun yi aiki. Sai dai an horar da su su aiwatar da dokar da wani ya tsara, kuma hanyar hawa sama a rufe take. Bayan 'yancin kai ne irin su Adetokunbo Lucas, wanda ya yi karatu a Harvard a farkon shekarun 1960, suka samu hawa matakin da Paula Souza ya hau shekara arba'in kafin nan. Daga baya Lucas ya shugabanci shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1976 zuwa 1986, shirin da ya riƙa ba matasan masana na ƙasashe masu tasowa tallafin karatu, har da ɗan kuɗin fara bincike idan sun koma gida.

A shekarar da aka rufe sashen lafiya na Rockefeller, wato 1951, wata hanya ta dabam ta buɗe a Atlanta. Ana tsakiyar yaƙin Koriya, Amurka tana fargabar a kawo mata hari da ƙwayoyin cuta. Alexander Langmuir, shugaban sashen bin diddigin cututtuka na cibiyar CDC, ya yi amfani da wannan fargaba ya samo kuɗin kafa wata runduna ta masu binciken annoba, wadda aka fi sani da EIS. Dabarar mai sauƙi ce. A ɗauki matashin likita, a ba shi darasi na 'yan makonni, sa'an nan a tura shi duk inda cuta ta ɓarke, ya koyi aikin yana yin sa a ƙarƙashin wani babba, tsawon shekara biyu, da cikakken albashi. Da yake a lokacin ana tilasta wa likitoci aikin soja, kuma shiga wannan runduna yana sauke wannan nauyi, ba a rasa masu nema ba. Tambarin rundunar tafin takalmi ne da ya huje saboda yawo. Ra'ayin Rose ne ya dawo bayan shekara talatin da biyar, ta ƙofar da ba a zata ba.

Gwajinta na farko mai girma ya zo a 1955, lokacin da allurar shan-inna ta kamfanin Cutter ta fita da ƙwayar cuta mai rai a ciki. Yara kimanin ɗari biyu sun shanye, goma sun mutu. Jami'an rundunar ne suka bi sawun kowane yaro har aka tabbatar da cewa matsalar daga wasu rukunan allura na kamfani guda take, abin da ya ceci shirin rigakafin gaba ɗaya daga rushewa. Biyu daga cikin waɗanda suka fito daga wannan horo sun bar tarihi a yaƙi da agana. D. A. Henderson ya jagoranci shirin duniya daga Geneva. William Foege kuwa yana aiki a wani asibitin mishan a yankin Ogoja, gabashin Nijeriya, a watan Disamba na 1966, lokacin da agana ta ɓulla alhali allurar da ke hannu ba ta isa kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon 'yan mishan ya gano ƙauyukan da cutar take, ya yi wa masu ciwon da na kusa da su da kasuwannin da suke ci zobe da allura. Cutar ta tsaya. Wannan dabara ta sa ido da killacewa ita aka ɗauka a sauran ƙasashe. An ga agana ta ƙarshe a Afirka ta Yamma a 1970, aka kuma shelanta kawar da ita daga duniya a watan Mayu na 1980.

Wannan salo na koyo a bakin aiki ya magance wata cuta da tsohon tsari ya kamu da ita bayan 'yancin kai. Tallafin zuwa ƙasar waje ya yawaita: na Hukumar Lafiya ta Duniya, na ƙasashen Kwamanwel daga 1959, na Chevening daga 1983. Amma ƙafa ta uku ta yarjejeniyar ta fara rauni. Bayan tsuke bakin aljihu na 1986 a Nijeriya, darajar naira ta faɗi, albashin malamin jami'a ya kasa kai shi ƙarshen wata, ƙwararrun likitoci suka yi ta tafiya Saudiyya da Ingila da Amurka. Wanda ya dawo da digiri na biyu a fannin annoba yakan tarar da ofis ba mota, ba ɗakin gwaji, wani lokaci ma an ba wani kujerarsa. Ana yawan zargin waɗanda suka ƙi dawowa da rashin kishin ƙasa, kuma akwai masu wannan laifi. Amma a ganina zargin ya fi dacewa da wanda ya tura ɗalibi bai tanadi abin da zai dawo ya yi ba. Masu tsarin 1917 ba su dogara da kishin kowa ba; takardar alkawarin muƙami suka nema kafin su sayi tikiti.

Ƙasar Tailan ce ta fara dasa irin horon Atlanta a wajen Arewacin Amurka, a 1980. Nijeriya ta kafa nata a 2008, da haɗin gwiwar ma'aikatun lafiya da na gona na tarayya, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, da tallafin CDC ta Amurka. Ana ɗaukar likitocin mutane da na dabbobi da masana ɗakin gwaji, akasarinsu ma'aikatan gwamnati da aka ba izinin karatu, su yi shekara biyu, kashi ɗaya cikin huɗu a aji, sauran a fili, su fita da digiri na biyu. Ɗalibin bai bar ƙasarsa ba, kuma kujerarsa tana nan domin dama a kanta aka ɗauko shi.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin abin. A 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ɗaliban shirin suna cikin ayarin da ya bi gida-gida a ƙauyuka biyu, inda aka samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Musabbabin shi ne gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. A 2014 kuma, bayan wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli, ɗalibai da tsofaffin ɗaliban wannan shiri ne suka zama ƙashin bayan aikin bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar: mutum 894, da ziyarar ido-da-ido kusan 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh wadda ta hana majinyacin farko fita daga asibiti. Ranar 20 ga Oktoba aka shelanta cewa Nijeriya ta kuɓuta. A birni mai cunkoso irin Legas, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani reshe na labarin da bai yi kyau haka ba, wato horon sanin makamar aiki a manyan hukumomin duniya. Shekaru da yawa Hukumar Lafiya ta Duniya tana karɓar ɗaliban digiri na biyu su yi 'yan watanni a hedikwatarta ba tare da biyan su ko sisi ba, a Geneva, ɗaya daga cikin birane mafi tsadar rayuwa. Sakamakon a bayyane yake: wanda iyayensa za su iya ciyar da shi a Suwizalan shi ke zuwa, don haka mafi yawan masu horon daga ƙasashe masu arziki suke, alhali cututtukan da ake tattaunawa a ɗakunan taron na matalauta ne. Kuma wannan 'yar takardar shaida takan buɗe ƙofar aiki daga baya. A 2015 labarin wani matashi ɗan New Zealand da ke kwana a tanti a bakin tafkin Geneva yana horo a Majalisar Ɗinkin Duniya ya karaɗe jaridu. Matasan da kansu suka yi ta matsa lamba, har Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a 2018 na gyara tsarin, da burin rabin masu horon su fito daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, aka kuma fara ba da alawus a 2020. Shekara saba'in da kafa hukumar kafin a amince da abin da Rose da Langmuir suka ɗauka a matsayin sharaɗin farko.

Saura tambayar da aka faro da ita, domin horon fili ya dawo da ɗalibin gida amma bai dawo da asusun ba. Tsohon tsarin Rockefeller yana da wata ƙa'ida a ayyukansa da gwamnatoci: gidauniya ta ɗauki kaso mafi girma a shekarar farko, kasonta ya riƙa raguwa na gwamnati yana ƙaruwa, har ranar da za ta janye hannu gaba ɗaya. An san ranar tun farko, an kuma rubuta ta. Yawancin tallafin zamaninmu ba shi da irin wannan rana, sai ya zamana ana sabunta shi shekara-shekara har kowa ya manta cewa aro ne. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma kasafin tarayyar Nijeriya bai taɓa kusantar wannan adadi ba. Dokar 2018 da ta ba Hukumar NCDC cikakken matsayi ta ɗora mata jagorancin horar da masu binciken annoba, wanda mataki ne na gaske. Amma a ranar 20 ga Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta ba da umarnin ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya tare da dakatar da tallafin ƙasashen waje, kuma cikin 'yan watanni aka rushe hukumar USAID. Shirye-shiryen horo da dama a Afirka, waɗanda aka gina a kan kuɗin Washington, sun wayi gari suna lissafin watannin da suka rage musu. Ɗalibin da zai bi gida-gida a annoba ta gaba, a Anka ko a Legas, yanzu haka yana aji uku ko huɗu a wata jami'a, kuma ko za a samu alawus ɗin da zai riƙe shi shekara biyu a fili ya dogara ne da layin da za a rubuta, ko a ƙi rubutawa, a kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya ta tarayya da na jihohi.